Shin Littattafan Share Fage Suna Ƙara Makin Mai Neman Karatun Likitanci?

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar hunturu ya fara ja da baya, manoman Auyo suka soma shirin yankan alkama, ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare su kuma sai hankalinsu ya koma kan jarrabawar shiga jami'a. A daidai wannan lokaci ne kasuwar wasu irin littattafai take buɗewa. Akwai masu ɗauke da tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu, akwai taƙaitattun littattafai da suke dunƙule karatun shekara uku cikin 'yan shafuka, akwai gwajin da ake sawa a waya ko a kwamfuta, sa'an nan ga masu lesin da suke alkawarin maki mai yawa ga duk wanda ya biya. Ɗalibin da yake burin zama likita shi ya fi kowa jin wannan kira, domin ƙofar da yake son shiga ta fi kowace matsi. Sau da yawa sai mahaifinsa ya sayar da buhun shinkafa kafin a sami kuɗin waɗannan kayayyaki. Saboda haka ya dace a tambaya: shin kayan share fagen nan suna ƙara maki da gaske? In suna ƙarawa, nawa ne, kuma ta wace hanya? Masana kimiyyar koyo sun daɗe suna bin diddigin wannan tambaya, kuma amsar da suka samu tana da amfani ga ɗalibi da malami baki ɗaya.

Ƙofar da Ake Son Shiga

An kafa hukumar JAMB a shekarar 1978 domin ta riƙa shirya jarrabawa guda ga masu neman shiga jami'o'in Nijeriya. A shekarar 2010 aka haɗe jarrabawar jami'a da ta sauran manyan makarantu ta zama ɗaya, wato UTME. An fara gwada yin ta a kwamfuta a 2013, daga 2015 kuwa aka daina amfani da takarda da fensir. Mai neman likitanci yana amsa fannoni huɗu: Ingilishi, da ilmin halittu, da kemistiri, da fiziks. Tambayoyin 180 ne, 60 a Ingilishi, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, kuma lokacin da ake bayarwa awa biyu ne. Kowane fanni yana da maki 100, jimla 400. Bayan wannan akwai jarrabawar tantancewa da jami'o'i suka fara yi da kansu tun 2005, ga kuma sharaɗin samun kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da lissafi.

Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna irin tsananin gasar. Daga cikin sakamako kimanin miliyan 1.8 da aka saki, kashi 76 cikin 100 ba su kai maki 200 ba. Waɗanda suka sami 250 zuwa sama su 77,070 ne, waɗanda suka kai 300 kuwa 8,401 kacal. Bugu da ƙari, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya tana ƙayyade wa kowace makarantar likitanci yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitinta. Gaskiya ne jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku, 45 cikin 100 ga cancanta zalla, 35 ga jihohin da suke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko, kuma Jigawa tana cikin rukunin ƙarshen nan. Amma duk da haka ɗan Auyo da ya nemi Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta buɗe tsangayar likitancinta a 1967, zai tarar da ɗimbin masu nema a kan 'yan gurabe. A irin wannan hali, maki goma suna iya raba wanda aka ɗauka da wanda aka bari.

Dalilin da Ya Sa Amsar Take da Wuya

Mai tallan littafi yakan ce: ga wane, bara ya sami 190, bana ya sayi littafinmu ya sami 250. A kunne wannan hujja ce mai ƙarfi, amma a ma'aunin kimiyya ba ta da nauyi. Misali daga gona zai fayyace dalili. A ce manomi biyu a filin noman rani na Kwarin Haɗeja, ɗaya ya zuba wani sabon taki, ɗaya bai zuba ba, sai na farko ya fi samun shinkafa. Kafin a yaba wa takin, dole a duba ko gonar na farkon ta fi kusa da babbar hanyar ruwa, ko ya riga ɗan'uwansa dashe, ko ya fi shi yawan masu cirar ciyawa. Galibi mai kuɗin sayen sabon taki shi ne kuma mai kuɗin sayen iri mai kyau da man injin ban-ruwa. Haka abin yake ga ɗalibai. Wanda ya sayi littattafai da yawa ya shiga lesin, sau da yawa shi ne wanda dama ya fi ƙwazo, ko ya fito daga makaranta mai ɗakin gwaje-gwaje, ko gidansu akwai wutar karatun dare. In ya ci jarrabawa, ba a san rabon littafin a cikin nasararsa ba.

Akwai kuma tarko na biyu. Wanda ya sake zama jarrabawa yakan ɗan fi makinsa na farko ko da bai sayi kome ba, domin ya riga ya san fasalin tambayoyin, fargabarsa ta ragu, kuma ya ƙara shekara guda ta karatu. Har ila yau, wanda ya faɗi ƙasa ƙwarai a karon farko wataƙila ranar ce ba ta yi masa kyau ba, zazzaɓi ya kama shi ko tafiya ta gajiyar da shi. A karo na biyu sai makinsa ya koma kusa da ainihin matsayinsa. Wani masani ɗan Ingila, Francis Galton, ya bayyana wannan ɗabi'a ta alƙaluma tun 1886, kuma ana kiranta komawa ga tsaka-tsaki. Daɗin daɗawa, mai talla ba ya nuna hoton waɗanda suka sayi littafinsa suka faɗi. Don haka bincike na ƙwarai shi ne wanda ya kwatanta ɗalibai biyu masu ƙoƙari ɗaya tun farko, ɗaya ya sami horon, ɗaya bai samu ba.

Abin da Bincike Ya Gano

An fi yin irin wannan nazari a ƙasashen da harkar horar da masu jarrabawa ta zama babbar sana'a. A Amurka, Derek Briggs ya tattara binciken da aka yi kan jarrabawar shiga jami'a da ake kira SAT, ya fitar da rahoto a 2009. Ya gano cewa horon da ake biya yana ƙara maki kimanin 30 a sassa biyu da jimlarsu take 1,600, wato ƙasa da kashi 2 cikin 100, alhali kamfanonin horon suna tallan ƙarin da ya ninka haka sau da yawa. A fannin likitanci kuwa, William McGaghie da abokan aikinsa sun bi diddigin rahotannin da aka buga kan kwasa-kwasan kuɗi na share fagen jarrabawar likitoci, suka wallafa sakamakonsu a 2004. Sun tarar binciken kaɗan ne, tsarinsu ba shi da ƙwari, kuma ƙarin makin da kwasa-kwasan suke kawowa, in ma akwai shi, ƙanƙane ne ƙwarai.

A Ostireliya, Barbara Griffin da abokan aikinta sun yi nazarin masu neman shiga wata makarantar likitanci, suka buga shi a 2008. Kimanin rabin masu neman sun biya kuɗin horo. Horon bai ƙara musu kome ba a sassa biyu daga cikin sassa uku na jarrabawar, sai ɗan abin da ba a rasa ba a sashen gane tsarin zane-zane. Wani nazari da ita da wasu suka fitar a 2013 ya nuna cewa ɗaliban da suka sami horon kafin a ɗauke su, ƙoƙarinsu a cikin makarantar likitancin ya kasa na waɗanda ba su samu ba. A wannan shekarar kuma aka buga wani bincike daga Jami'ar Otago ta Niyu Zilan, wanda ya gano cewa kwasa-kwasan sun ƙara wa ɗalibai ƙarfin gwiwa fiye da yadda suka ƙara musu maki.

Sai dai akwai wani bambanci da ya kamata a lura da shi. Jarrabawar Ostireliya da Niyu Zilan ta wancan lokaci tana auna kaifin tunani ne, wanda ba ya canzawa cikin 'yan makonni. UTME kuwa tana auna abin da ɗalibi ya koya a manhajar sakandare, kuma hukumar JAMB tana wallafa manhajar kowane fanni a fili. Ke nan a jarrabawarmu shiri yana da fili mai faɗi. Abin tambaya shi ne wane irin shiri ne yake zama a ƙwaƙwalwa.

Yadda Ƙwaƙwalwa Take Riƙe Karatu

A shekarar 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, sa'an nan ya auna abin da ya rage bayan wani lokaci. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, daga baya sai ta riƙa lafawa, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya albarka. Masu iya magana sun riga sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Gwajin da ya fi shafar batun tambayoyin shekarun baya shi ne na Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, wanda aka buga a 2006. An ba ɗalibai wani ɗan rubutu. Rukuni na farko suka yi ta karanta shi a zama huɗu. Rukuni na biyu suka karanta shi a zama ɗaya, sa'an nan a zama uku aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu sun tuna kashi 83 cikin 100, masu gwada kai sun tuna 71. Amma bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu maimaita karatu suka faɗo zuwa 40, masu gwada kai suka tsaya a 61. Abin mamaki, masu maimaita karatun su ne suka fi amincewa cewa za su tuna.

Dalili kuwa shi ne, idon da ya saba ganin shafi yakan yaudari mai shi. Ɗalibi ya ga jimla ya gane ta, sai ya ɗauka ya san ta, alhali ganewa daban, iya fito da abu daga ka daban. Duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta wahala wajen zaƙulo wani abu, hanyar zuwa gare shi tana ƙara buɗewa, kamar yadda turba take fitowa a fadama saboda yawan bi. Almajirin da yake kife allonsa ya kawo hadda a gaban malam, ya kuma riƙa tilawar baya kowace safiya, wannan ƙa'ida yake bi ko da bai san sunanta ba. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu guda goma. Biyu ne kawai suka sami babban matsayi, wato gwada kai da rarraba bita. Maimaita karatu da ja wa layi alƙalami suna cikin na ƙasa.

Amfani da Illa

Daga nan za a fahimci cewa littafi ɗaya yana iya amfanar wani ya cuci wani. Ɗalibin da ya rufe amsa, ya yi aikin da kansa, sa'an nan ya duba, yana cin riba uku. Ta farko ita ce ƙarfafa tunawa da aka bayyana. Ta biyu ita ce gano ramukan da ke cikin iliminsa, domin tambayar da ya faɗi tana nuna masa babin da zai koma. Ta uku ita ce sabo da lokaci. In aka raba minti 120 ga tambaya 180, kowace tambaya tana da daƙiƙa 40 ne. A lissafi na kai-tsaye, kowace tambayar kimiyya maki biyu da rabi ce, ke nan wanda lokaci ya ƙare masa ya bar tambaya takwas ya zubar da maki 20 ba don rashin sani ba. Ga ɗalibin ƙauye da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, sabo da allonta da maɓallanta yana iya zama ƙari mafi girma da zai samu. Don haka ne jarrabawar gwaji da hukumar JAMB ta fara shiryawa a 2017 take da muhimmanci a gare shi.

Illar kuwa tana zuwa ne in aka mai da littafin abin haddacewa. Alal misali, ɗalibi ya haddace cewa amsar wata tambaya kan cutar tsargiya ita ce dodon-koɗi. Ranar jarrabawa sai a juya tambayar, a nemi ta ina ƙwayar cutar take shiga jikin mutum. Wanda ya fahimci zagayen rayuwarta ya san cewa ƙwai yana fita a fitsari, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga dodon-koɗi ya hayayyafa, sa'an nan tsutsar ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa. Shi kowace fuska aka juyo tambayar zai amsa. Haka kuma wanda ya haddace cewa takin yuriya yana da kashi 46 cikin 100 na naitirojin zai tsaya cak in aka canza masa sinadari. Wanda ya san cewa nauyin ƙwayar yuriya 60 ne, naitirojin da ke cikinta 28, aka raba aka sami wannan adadi, zai yi wa kowane taki lissafi. A fiziks ma, yaron da ya lura cewa injin ban-ruwa ba ya iya zuƙo ruwa daga rijiya mai zurfi ƙwarai, ya kuma koyi cewa nauyin iska ba ya ɗaga ruwa fiye da kimanin mita 10, ya mallaki babin matsin iska fiye da wanda ya haddace amsa hamsin.

Illa ta biyu ita ce kurakurai. Littattafan kasuwa ba daga hukumar jarrabawa suke fitowa ba, kuma akan tarar da amsar da ba daidai ba a cikinsu. Binciken da Roediger da Elizabeth Marsh suka buga a 2005 ya nuna cewa tambaya mai zaɓi tana iya dasa amsar ƙarya a kan ɗalibi, domin ya karanta ta ya zaɓe ta. Nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa gyara nan take yana rage wannan haɗari. Ke nan gwajin da ba a bi shi da gyara ingantacce ba yana iya ƙarfafa kuskure. Illa ta uku ita ce ƙuntata karatu. Likitanci karatun shekara shida ne, kuma shekarar farko kimiyya ce zalla. Wanda ya tsallake ƙofa da hadda zai tarar da wannan kemistiri da ya guje wa yana jiransa a ciki.

Shawara ga Ɗalibai da Malamai

Ya kamata ɗalibi ya fara da manhajar JAMB, ya jera babobinta, ya sa littafin aji ya zama tushe, tambayoyin baya su zama ma'auni. In ya gama babi, ya rufe littafi ya amsa tambayoyinsa, ya sake komawa kansu bayan kwana uku, da bayan mako guda, da bayan wata guda. Ya keɓe littafin rubutu guda don kurakurai, inda zai rubuta kowace tambaya da ya faɗi da dalilin faɗuwarta. Duk amsar da ya yi shakka a kanta ya tabbatar da ita a littafin aji ko wurin malami. Awa ɗaya kullum tun daga farkon aji biyar ta fi kwana ba barci a makon jarrabawa. In ya rage wata biyu, ya riƙa zaman cikakken gwaji sau ɗaya a mako, tambaya 180 cikin awa biyu, da agogo a gabansa. Littafin tambayoyi ɗaya mai inganci ya isa, kuma ɗalibai huɗu suna iya haɗa kuɗi su saya, kowa ya riƙa yi wa 'yan'uwansa bayanin dalilin amsa.

Malami kuwa yana da makami mai araha a hannunsa. Tambaya biyar a farkon kowane darasi, uku daga darasin jiya, biyu daga na watan da ya wuce, tare da gyara nan take, sun haɗa gwada kai da rarraba bita ba tare da an kashe ko kwabo ba. A yankin da ambaliya takan katse karatu a ƙarshen damina, kamar yadda ta yi a ƙasar Haɗeja a 2022, irin wannan bita tana taimakawa wajen farfaɗo da abin da dogon zaman gida ya dusashe. Makarantar da take da ko da kwamfuta biyar ce, ta tsara yadda kowane ɗalibin ajin ƙarshe zai zauna gabanta kafin ranar jarrabawa. Tarihi ma ya ba da shaida kan muhimmancin tushe. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da tsohuwar Jihar Kano ta buɗe a 1977 lokacin da Auyo take cikinta, sun yaye ɗimbin likitoci ta hanyar malamai ƙwararru da ɗakunan gwaje-gwaje da karatu na shekaru.

Kammalawa

A taƙaice, kayan share fage suna ƙara maki, amma gwargwadon aikin da ƙwaƙwalwar ɗalibi ta yi da su. Binciken da aka yi ya nuna cewa tsadar kwas ba ta sayen maki mai yawa, kuma ƙarfin gwiwar da yake bayarwa yakan zarce ainihin amfaninsa. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne rufe littafi a gwada kai, da gyara kuskure, da rarraba bita cikin watanni, da sabawa da lokaci da kwamfuta. Waɗannan duka ɗan manomi a Auyo yana iya yin su da littafi guda, da agogo, da malamin da zai duba masa amsa. Jama'ar da suke fama da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya a bakin kogin Haɗeja suna bukatar likitoci daga cikin 'ya'yansu, kuma likitan da za su amfana da shi shi ne wanda ya fara fahimtar kimiyya tun yana sakandare.